Abubuwan da ya kamata ka sani game da karkacewar doki a tafiya da hannun mahayi a cikinta

A ƙasar Garki, kamar sauran gundumomin masarautar Ringim, doki ya daɗe da sakar wa babur da mota aikin sufuri, amma bai bar gidajen sarauta da na masu sha'awa ba. Ana hawansa da Sallah idan hakimai suka je gaishe da sarki, ana hawansa a angwanci, samari kuma suna fita kilisa da yamma. Haka abin yake a Dutse da Gumel da Haɗeja da Kazaure. A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun gado na duniya, abin da ya nuna darajar da wannan al'ada take da ita har a waje. Sai dai yawancin maganar da ake yi a kan dawakinmu ta ado ce. Yadda dokin yake taka ƙasa a ƙarƙashin adon ba ya samun irin wannan kulawa.

Mahaya da yawa sun san dokin da ba ya tafiya sambal. Wani yana jan hannu gefe guda, wani yana ƙin juyawa hagu amma yana juyawa dama cikin sauƙi, wani kuma kuturinsa ne ke fita daga layi kamar zai wuce ƙirjinsa. Hukuncin da aka fi yankewa shi ne dokin yana da taurin kai, maganin kuma ƙarin linzami da ƙaimi. Sau da yawa wannan hukunci zalunci ne, domin karkacewa tana da tushe fiye da ɗaya, kuma mahayin kansa yana cikinsu.

Mece ce karkacewa?

Ana cewa doki ya miƙe idan ƙafafunsa na baya suna bin layin da na gaba suka bi. Ƙafar baya ta dama ta bi sawun ta gaba ta dama, ta hagu ta bi ta hagu, ƙashin bayansa kuma daga ƙeya zuwa wutsiya ya dace da hanyar da ake bi. A kan miƙaƙƙiyar hanya jikin ya miƙe. A kwana ko a kewaye jikin ya lanƙwasa daidai da kwanar, ƙafafun baya na ci gaba da bin na gaba. Saboda haka dokin da ke zagaya fili yana iya kasancewa a miƙe ta wannan ma'ana, wanda ke bin titi ɗoɗar kuma yana iya kasancewa a karkace.

Karkacewa ita ce ɓacewar wannan daidaito. Kuturi ya zame gefe ɗaya, ko kafaɗa ta faɗa ɗaya gefen, ko wuya ya lanƙwashe alhali sauran jiki bai bi ba, ko kai ya jirkice har kunne ɗaya ya fi ɗaya ƙasa. Wanda ya tsaya a bayan irin wannan doki zai ga sawu uku ko huɗu a ƙasa maimakon biyu. Mahayi kuma zai ji kamazuru, wato igiyar linzami, ya yi nauyi a gefe ɗaya ya yi sako-sako a ɗayan.

Ya kamata a bambanta wannan da tafiyar kaikaice da gwanin mahayi ke sa doki ya yi da gangan a gaban jama'a. Waccan horo ce: ana neman ta, ana samun ta ta kowane gefe, ana dainawa lokacin da aka so. Karkacewa kuwa ba a nema take zuwa, kusan kullum ta gefe guda take, kuma ba ta tafiya don an ce ta tafi.

Abin da ke cikin halittar doki

Kusan kowane doki yana da gefen da ya fi masa sauƙi, kamar yadda mutane suka kasu zuwa masu dama da bahagwai. Ana ganin haka tun yana duƙushi: ƙafar da ya fi miƙawa gaba idan yana kiwo, da wadda ya fi jagorantar sukuwa da ita. Tsokokin gefe ɗaya sukan fi gajarta, jikin ya ɗan lanƙwashe ta can. Dokin da ya lanƙwashe ta dama yakan kai kuturinsa dama, ya jingina nauyinsa kan kafaɗar hagu, ya danne linzami ta hagu. Mahayi sai ya ɗauka gefen hagu ne ke da matsala tun da nan yake jin tauri, alhali asalin abin tsokokin dama ne da suka ƙi miƙewa.

Siffar jikin ma tana taimaka wa karkacewa. Kuturin doki ya fi kafaɗunsa faɗi, don haka idan yana bin gefen katanga ko shingen gona ya jera kafaɗa da kuturi a jikin shingen, ƙafar baya ta ɗaya gefen za ta fita daga layi. Bayan haka, doki ba shi da ƙashin nan da ke haɗa kafaɗar mutum da ƙirjinsa. Tsoka da jijiya ne kawai suke rataye da ƙirjinsa a tsakanin ƙafafun gaba biyu, ga shi kuma ƙafafun gaban ne ke ɗauke da kusan kashi 60 cikin 100 na nauyinsa idan yana tsaye. Ƙirjin da ke rataye haka yana iya rinjaya dama ko hagu, kuma duk nauyin da aka ɗora a kansa yana shafar inda zai rinjaya.

A 2017 Marie Rhodin da abokan aikinta na jami'ar aikin gona ta ƙasar Suwidin sun auna tafiyar dawaki 222 da masu su suka ce lafiyarsu ƙalau, ta hanyar ɗaura musu na'urori masu auna motsi. Sama da kashi 70 cikin 100 sun nuna bambanci tsakanin dama da hagu wanda ya wuce ma'aunin da aka gindaya. Masu binciken sun ja kunne cewa ba a tantance nawa daga ciki ciwo ne ya jawo ba, nawa kuma halitta ce. Abin da ya fito fili shi ne idon mai doki yana barin abubuwa da yawa su wuce.

Idan ciwo ne

Wannan shi ne tushen da ya wajaba a fara kawarwa kafin a yi maganar horo. Doki dabba ce da ake farauta a daji, ɗabi'arsa ce ya ɓoye rauni. Kafin ɗingishi ya fito yadda kowa zai gani, yakan fara da rage nauyin da yake ɗora wa ƙafar da ke damunsa, wannan ragewa kuma ita ce ke bayyana a matsayin karkacewa.

Ciwon ƙafar gaba ya fi sauƙin ganewa. A sassarfa dokin yakan ɗaga kai lokacin da ƙafar mai ciwo ta taka ƙasa, ya sauke shi idan mai lafiyar ta taka. Ciwon ƙafar baya ya fi ɓuya. Alamarsa tana kuturi: gefen mai ciwo yakan fi hawa da sauka, takun ƙafar ya gajarta, wani lokaci bakin kofaton ya riƙa jan ƙasa. Idan ƙafafu biyu ne ke ciwo tare, ɗingishin ba lallai ne ya fito ba, sai dai dokin ya riƙa gajeren taku yana tafiya a ƙage.

Akwai alama ɗaya da ta cancanci a tsaya a kanta, wato sirdin da kullum yake zamewa gefe guda. An saba ɗora laifin wannan a kan sirdi ko majayi ko zaman mahayi. Amma a 2013 Line Greve da Sue Dyson, likitocin dawaki a wancan lokaci a cibiyar Animal Health Trust da ta kasance a Newmarket a Ingila, sun duba dawaki 128, suka tarar cewa cikin 71 masu ciwon ƙafar baya, 38 sirdinsu yana zamewa gefe, galibi zuwa gefen ƙafar da ta fi ciwo. Da aka yi wa wurin ciwon allurar da ke kashe jin zafi na ɗan lokaci, sirdin ya daina zamewa a kan 37 daga cikin 38 ɗin, ba tare da an canza sirdi ko mahayi ba. Ma'ana, dokin ne yake tura sirdin, sirdin kuma ya tafi da mahayi. Wanda ya ga mahayi a karkace bai kamata ya yi saurin cewa shi ne ya fara ba.

A yankinmu akwai wasu hanyoyin ciwo da yanayin kiwo ke buɗewa. Dokin da ya yi watanni a turke ba ya motsi sosai, sannan aka fito da shi ana saura kwana kaɗan Sallah aka shiga sukuwa da zamiya, jijiyoyinsa ba su shirya ba. Rairayi mai zurfi irin na ƙasar Garki da Ɓaɓura yana da taushi a kofato amma yana gajiyar da jijiya, tsakuwa da duwatsun kewayen Dutse kuma suna ƙuje tafin kofato. Ƙara wa doki gero ko dawa da yawa lokaci guda don ya yi ƙiba yana iya jawo kumburin naman cikin kofato, cuta mai tsananin zafi da takan fi kama ƙafafun gaba. Kofaton kansa yana tsiro kusan santimita ɗaya a wata, kuma idan ba a gyara shi a kai a kai, gefe ɗaya yakan fi ɗaya tsawo, ƙafar ta riƙa sauka a jirkice.

Baki ma wurin dubawa ne. Muƙamuƙin doki na sama ya fi na ƙasa faɗi, haƙoransa na tauna kuma suna ci gaba da fitowa shekara da shekaru. Saboda haka gefensu yakan yi kaifi, na sama ta wajen kumatu, na ƙasa ta wajen harshe. Dokin da haƙori ke yankarsa a kumatu ɗaya zai jirkita kai don ya guje wa zafin, sauran jiki kuma ya bi kan.

Sirdi da linzami

Sirdinmu na gargajiya itace ne a ciki, ba ya lanƙwasa don ya bi bayan doki. Zubka da sauran shimfiɗun da ake sawa a ƙarƙashinsa su ne ke raba nauyi. Idan itacen ya tsage ko ya murɗe, ko zubka ta danƙare a gefe ɗaya saboda gumi da daɗewa, nauyin mahayi zai taru a wuri guda, dokin kuma zai janye bayansa daga wurin. Jikin doki yana canzawa tsakanin kaka, lokacin da harawa ta wadata, da ƙarshen rani, lokacin da abinci ya yi tsada. Sirdin da ya zauna daram a watan Nuwamba yana iya danne ƙashin baya a watan Mayu. Haka kuma sirdi ɗaya ba zai dace da ɗan ƙaramin dokin Arewa da dogon dokin Sudan ba, ko da yake a gidaje da yawa sirdi guda ne ke yawo a kan dawaki uku.

Bayan an sauke sirdi, baya yana ba da labari. Gumi ya kamata ya jiƙa gefe biyu daidai. Busasshen wuri a tsakiyar gumi, ko gashi da ya murje, ko kumburi, ko farin gashi da ya tsiro inda da babu, duk shaidar matsi ne. Miki shi ne matakin ƙarshe, kuma kafin ya fashe dokin ya daɗe yana jin zafi.

Linzamin gargajiya mai zoben da ke zagaye haɓa yana da ƙarfi ƙwarai. An ƙera shi ne don a tsayar da doki nan take da ɗan motsin hannu kaɗan, a sake shi. Idan ƙarfen bai daidaita ba daga maƙera, ko an rataya shi gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo, ko ya taɓa yi wa dasashi rauni, dokin zai riƙa kare wannan gefen ko bayan raunin ya warke.

Hannun mahayi

Doki yana jin ƙuda idan ya sauka a fatarsa, balle mutum mai kilo 70 da ya jingina gefe. Duk wanda ya taɓa ɗauko buhun gero a bayan babur, buhun ya zame gefe guda, ya san cewa dole ya karkata jikinsa da kan babur ɗin kafin ya iya bin hanya. Abin da doki ke yi ke nan a ƙarƙashin mahayin da bai zauna tsakiya ba: yana kai jikinsa ƙarƙashin nauyin don kada su faɗi. Idan hakan ya maimaitu kullum, tsokokinsa sukan ginu a kan wannan karkacewa har ta zama tafiyarsa.

Mahaya kaɗan ne suke zaune daidai yadda suke zato. A wani binciken na Greve da Dyson a 2014, wanda ya shafi dawaki 506 da ake hawa yau da kullum a Ingila, sama da kashi ɗaya cikin uku na mahayan da aka duba a karkace suke zama. Abin da aka fi gani shi ne mutum ya karye a ƙugu: haƙarƙarinsa na dama su sauko, kafaɗar dama ta yi ƙasa, mazauninsa kuma ya tura nauyi hagu. Shi yana jin kamar dama ya jingina, alhali dokin a hagu yake jin nauyin. Tsohuwar karaya, ciwon baya, ƙafa ɗaya da ta ɗan fi ɗaya tsawo, har da waya ko damin kuɗi a aljihun gefe, kowanne yana iya sauya zama. Jiki kuma yakan saba da karkacewarsa har ya ɗauke ta a matsayin daidai, shi ya sa mahayi ba ya iya gano ta da kansa.

Salon hawanmu yana da nasa abubuwan da ke ƙara wannan. An fi riƙe kamazuru da hannun hagu, hannun dama yana ɗauke da mashi ko takobi ko sanda, ko yana sama ana jinjina. Wannan yana murɗa gangar jiki: kafaɗa ɗaya ta yi gaba, ɗaya ta yi baya, ƙugu ya bi su. Riƙon hannu ɗaya yana kuma sauƙaƙa wa igiya ɗaya ta fi ɗaya gajarta ba tare da an lura ba, sai dokin ya yi awa biyu ko uku ana jan bakinsa gefe guda kaɗan-kaɗan. Ƙafar da ta fi ƙarfi takan fi taɓa doki da ƙaimi ko gefen likkafa, doki kuma an hore shi ya kauce wa matsi, don haka kuturinsa yakan gudu daga wannan ƙafa.

Hawa daga ƙasa ta gefen hagu kullum yana da nasa tasirin. Duk lokacin da mutum ya taka likkafar hagu ya ɗaga jikinsa, sirdi yana jawowa hagu yana murɗa bayan doki, igiyar likkafar hagu kuma tana miƙewa a hankali har ta fi ta dama tsawo. Mahayi da likkafunsa ba su kai ɗaya ba ba zai zauna tsakiya ba komai ƙwarewarsa.

Sai nauyi. Ƙa'idar da masana da yawa ke amfani da ita ita ce kada mahayi da sirdi da dukan kaya su wuce kashi 20 cikin 100 na nauyin doki. Dokin da ya kai kilo 350 ke nan kada a ɗora masa fiye da kilo 70. Idan aka haɗa babban mutum da sirdin itace da jalala da ɗauki-saƙa da kayan ƙarfe, balle lifidi, wuce wannan iyaka abu ne mai sauƙi. A wani gwaji da Dyson ta jagoranta da dawaki 6 da mahaya 4, dole aka dakatar da hawan mahaya biyu mafiya nauyi a kan dukan dawakin, galibi saboda ɗingishi na ɗan lokaci da ya bayyana. Nauyi yana ninka kowace karkacewa: ɗan jinginen yaro ba ɗaya yake da na ƙato ba.

Abin da ya sa wannan matsala ke daɗewa a wurinmu ba a gano ta ba shi ne ado yana rufe ta. Babbar riga da alkyabba suna ɓoye ƙugun mahayi, shimfiɗu suna ɓoye sirdi da bayan doki. Dokin haya da ake kai wa angwanci kuwa yau wannan ne a kansa gobe wancan, da yawansu ba su iya zama ba, kowa yana barin nasa tabon.

Illar da take jawowa

Karkacewa ba ta tsayawa inda ta fara. Ƙafar da ke ɗaukar nauyi fiye da rabonta ita ce ke fara lalacewa a gaɓa da jijiya, don haka karkacewar da ta samo asali daga zaman mahayi tana iya ƙarewa a ɗingishi na gaske, ɗingishin kuma ya ƙara karkatar da mahayin. Tsokar baya da ta kuturi sukan cika a gefe ɗaya su rame a ɗayan, daga nan ko sirdi mai kyau ba zai zauna daidai ba.

Akwai kuma haɗari ga mutane. Dokin da ba ya taka ƙafafun baya daidai ba ya tsayawa a miƙe idan an zame shi. Yakan watsa kuturi gefe, kuma a filin hawa gefen nan cike yake da 'yan kallo da wasu dawakai. Dokin da ke jin zafi shi ne ya fi yin tutsu da tabariya. Mahayin ma yakan sauka da ciwon baya ko na gwiwa ɗaya, ya rasa dalili.

Yadda ake gano tushen

Ana farawa ne ba tare da sirdi ba. A tsayar da doki a shimfiɗaɗɗen wuri, ƙafafunsa a jere, a dube shi ta baya daga nesa da harbi: ƙasusuwan kuturi biyu su yi kai ɗaya, tsoka ta cika daidai. A shafa ƙafafu huɗu a ji ko akwai zafi ko kumburi, a ɗaga kowane kofato a duba. Sannan wani ya ja shi da ragama a sake, a kan ƙasa mai tauri, da tafiya sannan da sassarfa, yana tafiya yana dawowa. A kan tauri kunne ma yana aiki, domin ƙafar da ake tausaya wa ba ta ƙara kamar sauran. Bayan haka a zagaya da shi ta dama da ta hagu, saboda ciwo da yawa sai a kewaye yake fitowa.

Rairayin yankin nan yana da amfani a nan. A share fili mai tsawon taku 30 ko 40, a ɗan yayyafa ruwa, a bi da dokin a kai ba mahayi, a duba sawu. A sake sharewa, mai dokin ya hau ya bi. A sake sharewa, wani gwanin mahayi ya hau da sirdin nan, sannan da wani sirdin. Idan sawu ya miƙe ba mahayi, ya miƙe da baƙon mahayi, ya karkace da mai shi, amsa ta fito. Idan ya karkace da kowa amma ya gyaru da aka canza sirdi, sirdin ne. Idan sirdi ya ci gaba da zamewa gefe guda ko wa ya hau kuma ko wane sirdi aka sa, a zargi ƙafar baya. Wasu cututtukan ba sa bayyana sai da nauyi a baya, saboda haka dokin da ya yi kyau a ja bai tsira ba tukuna.

Wayar hannu ta sauƙaƙa abin da da yake da wuya. Mahayi ya sa ƙaramar riga, wani ya tsaya a baya ya ɗauki bidiyonsa yana tafiya, a duba ko kansa da ƙashin bayansa da tsakiyar sirdi da gindin wutsiyar doki suna kan layi ɗaya. Dyson ta kuma tsara jerin halaye 24 da doki ke nunawa idan ana hawansa, irin su kwantar da kunnuwa baya, buɗe baki, kaɗa wutsiya ba ƙuda, da jirkita kai, ta nuna cewa wanda ya haɗa 8 ko fiye akwai yiwuwar ciwo ne ke damunsa.

Wannan gwaji ya dace da mai sayen doki ma. Wanda ya je kasuwar Maigatari ranar Alhamis kada ya tsaya ga launi da tsayi da haƙori. Ya sa a ja dokin a gabansa a sassarfa, ya tsaya a baya ya duba kuturi. Ya kuma sani cewa maganin kashe zafi yana ɓoye ɗingishi na kwana ɗaya ko biyu.

Gyara

Idan an ga alamar ciwo, aikin na likitan dabbobi ne, kuma hawa ya tsaya har sai ya duba. Likita yana iya gano wurin ciwon ta hanyar lanƙwasa gaɓoɓi da allurar kashe jin zafi, a manyan asibitoci irin na koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya kuma har da hoton ƙashi. Ba wa doki maganin kashe zafi don ya iya fita hawa ba magani ba ne, ƙara lalata ƙafar ne. Ƙona wurin da ƙarfe mai zafi ma ba ya gyara gaɓa ko jijiya.

Kayan hawa gyaransu bai da wuya. A cire likkafu biyu a jera igiyoyinsu a ga ko sun yi kai ɗaya, a riƙa musanya ta dama da ta hagu lokaci-lokaci. A kai sirdi wurin baduku ya duba itace da zubka. A riƙa hawa daga kan dakali ko wani tudu, wani kuma ya danne likkafar dama yayin hawan. A lokacin kilisa a bar mashi da sanda a gida, a riƙe kamazuru da hannu biyu ko a riƙa sauya hannu.

Horon dokin kansa yana bin ƙa'ida ɗaya da mahaya suka fi saɓawa: ba a miƙar da doki ta hanyar jan kansa. Jan gefen da ya yi tauri yana lanƙwasa wuya kawai, kafaɗa ta ƙara faɗawa. Ƙarfin tafiya daga ƙafafun baya yake fitowa, don haka ana fara sa doki ya yi gaba da kuzari, sannan a dawo da kafaɗunsa gaban kuturinsa da igiya da ƙafar waje, a sassauta hannu da zarar ya amsa. Manyan kewaye ta gefe biyu daidai wa daida, da sauya hanya a kai a kai, da yawan tafiya a hankali a kan ƙasa mai ɗan tauri, su ne ke miƙar da tsokar da ta gajarta. Gefen da ya fi wuya ana ba shi lokaci kaɗan-kaɗan, ba a tilasta shi. Dokin da bai kai shekara biyar ko shida ba ƙasusuwan bayansa ba su gama ƙwari ba, ya fi kowa bukatar wannan sassauci.

Tsoka tana ɗaukar makonni kafin ta sauya, jijiya kuma watanni, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Mai doki a Garki ko Ringim ko Dutse da ke niyyar fita hawan Sallah mai zuwa ya share fili ya duba sawun dokinsa tun da sauran wata uku. In ya ga ɗingishi, ko sirdi yana zamewa gefe guda ko wa ya hau, ya sauke sirdin ya kira likita.